Aron Doki da Abin Ɗaukar Kaya a Arewacin Adar

Aron dabbar hawa da ta ɗaukar kaya yana cikin tsofaffin hanyoyin da mutanen arewacin Adar suka riƙe juna da su. Barmu, wadda ke arewa maso gabas da birnin Tawa, tana daidai inda gonakin gero ke fara ƙarewa, makiyayar Azawak ta soma. Manomi Ba'adare, da Ba'abzine mai raƙuma, da Bafillace mai shanu sun daɗe suna haɗuwa a kasuwarta, kowa riƙe da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙoramu, ruwa na nesa, rijiyoyi da zurfi, garuruwa kuma a warwatse. Gidan da ba shi da dabbar da zai aza wa kaya ba ya kaiwa daga damina zuwa damina sai da taimakon wani gida. Saboda haka batun wa za a ara wa, me za a ara masa, da wanda zai ɗauki hasara idan abu ya salwanta, ya daɗe yana da ƙa'idojinsa, kuma ƙa'idojin sun yi ta sauyawa bisa ga irin abin da ake arowa.

Doki shi ne ya fi kowace dabba wuyar aro, domin tun asali kayan mulki ne da yaƙi. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, sa'an nan bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721 ya dawo ya zauna a ƙasar, zuriyarsa ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna a Ilela. Tare da shi Abzinawan Lisawan suka shigo. A ƙarni na 19 ƙasar ta sha yaƙe-yaƙe, tun daga na Muhammadu Aljilani a farkon ƙarnin, har zuwa lokacin da Abzinawan Kel Geres suka yi rinjaye a kudu, Kel Dinnik na Azawak kuma suka riƙa karɓar gaisuwa da hatsi daga garuruwan arewa. A duk wannan zamani mai doki shi ne mai iya kai hari, shi ne mai iya bin sawun dabbobin da aka kora, shi ne kuma mai iya tsira da ransa. Dawakin Azbin, musamman ɗan Bagazan, sun yi suna har ƙasashen Hausa na kudu, kuma ba kowane basarake ne ke iya mallakar irinsu ba.

Riƙon doki yana da tsada. Jaki na iya kwana a kan kara da abin da ya tsinta, raƙumi na cin ƙaya, amma doki yana son hatsi, da harawa, da kanwa, da ruwa kullum, da yaron da zai yanko masa ciyawa. A ƙasar da hatsin shekara ba ya cika kaiwa kaka, ciyar da ingarma na nufin rage abin da ke shiga tukunya. Shi ya sa dawaki suka taru a hannun sarakuna, hakimai da attajirai, su kuma suka riƙa ɗora barorinsu a kai. Baran da ubangidansa ya ba doki yana hawa, yana kula da shi, ana ganinsa da shi a gari, amma dokin na ubangida ne, kuma ranar da aka ɓata sai a kwance shi daga turken bara. Wannan bayarwa ta ɗaure talaka da basarake ne, kuma abin da ake biya da shi shi ne biyayya da fita yaƙi. Littattafan fiƙihu da malaman ƙasar suka karanta sun ba mahayi kaso uku na ganima, biyu domin doki ɗaya domin kansa, mai yaƙi a ƙasa kuma kaso ɗaya, har malamai suka tattauna wanda ya cancanci kason dokin idan na aro ne.

Aron doki tsakanin abokai da maƙwabta ya fi fitowa a lokutan biki. Ango yakan hau dokin da ba nasa ba, a da amarya ma a kan doki ake kai ta idan garin mijin da nisa, haka wanda aka naɗa wa rawani, da samarin da ke son shiga hawan salla ko sukuwa. Irin wannan aro gajere ne, na yini ɗaya ko biyu, kuma a gaban jama'a ake yin sa. Kowa a gari ya san akawal ɗin wane, ya san kilin wane, saboda haka babu wanda ake ruɗa. Abin da ake nunawa shi ne mai hawan yana da wanda ya yarda da shi. Karin maganar da ke cewa zanen aro ba ya rufe katara gargaɗi ne ga mai son yin taƙama da abin da ba nasa ba, bai hana aron kansa ba. Ladabin abin sananne ne: a je da kai ko a aiki babba, a kai goro, a faɗi inda za a je da ranar dawowa, a dawo da doki an shayar da shi, bayansa babu ƙujewar sirdi, kayan ɗaurinsa cif. Mai doki sau da yawa yakan haɗa da yaron da ya saba da dabbar, don ya ɗaura sirdi ya kuma lura. Akwai kuma aron ingarma don ya hau goɗiyar wani, wanda ake ɗauka a matsayin alheri, tunda hadisi ya hana karɓar kuɗi a kan barbarar namijin dabba, ko da yake malaman Malikiyya sun yarda a yi hayarsa zuwa wani lokaci sananne.

Aron da ya riƙe rayuwar yau da kullum na jaki ne, da takarkari, da raƙumi. Da kaka ana aron jaki da mangala a kwaso damman gero zuwa rumbu, da rani a kai taki gona, ranar kasuwa a kai hatsi Barmu ko Tawa, wadda kasuwarta ke ci ranar Lahadi. A rijiyoyin arewa masu zurfi, inda dabba ke jan wasaki, wanda sansa ya rame yakan jira maƙwabci ya gama shayarwa ya ara masa nasa. Babu kuɗi a ciki, sai dai mai aro ba ya mayar da dabba hannu rabbana: ɗan dami, ko ƙwaryar dusa, ko kuma ya zo gayya ranar da mai jakin ya kira. Raƙumi, saboda darajarsa da nisan tafiyarsa, ya fi shiga haya ko rabon riba. Wanda ba zai bi ayarin gishiri zuwa Tigidda ko Bilma ba yana iya damƙa raƙuminsa ga dangi ko aboki mai tafiya, a kan sharaɗin da suka yi tun kafin a tashi.

Makiyaya sun kai wannan al'ada matsayin da manoma ba su kai ta ba. A wurin Fulani, musamman Woɗaaɓe, akwai habbanaye: mutum ya ba abokinsa ko ɗan'uwansa karsana, ta zauna a garkensa har ta haihu sau biyu ko uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma ga mai ita. Wanda aka ba yana kula da ita fiye da nasa shanun, domin mutuncinsa a kanta yake, idan kuma ta mutu ba da sakacinsa ba, ba a bin sa bashi. Abzinawa na ba talakansu da malamansu taguwa ko akuya mai nono su sha har ta ƙafe, abin da shari'a ta sani da sunan maniha. Matan Hausawa kuma suna ba da akuya kiwo a raba ƴaƴa, rabon ya danganta da al'adar gari. Hikimar wannan tsari a bayyane take ga duk wanda ya san ƙasar. Ruwan sama ba ya sauka daidai ko'ina, annoba ba ta cin kowane garke lokaci guda, hari ma gefe ɗaya yake faɗawa. Wanda ya rarraba dabbobinsa a hannun mutane biyar ya fi wanda ya tara su a turke guda kwanciyar hankali. Mai bayarwa yana taimako, yana kuma ajiya. Bayan annobar shanu ta wajen 1890, wadda ta share garkuna daga gabashin Afirka har yammacinta, irin waɗannan hanyoyi na cikin abin da makiyaya suka sake tayar da dukiya da shi.

Idan aro ya ɓaci har aka je gaban malami ko alƙali, hukuncin da ake bi na mazhabar Malikiyya ne, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, littattafan da ake karantawa a zaurukan Adar kamar sauran ƙasar Hausa. Shari'a ta raba aro da rance, da haya, da ajiya. Aro shi ne mallaka wa mutum amfanin abu kyauta, ya mayar da ainihin abin. An so a yi shi: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari doki wurin Abu Ɗalha, ya kuma ari sulke wurin Safwan ɗan Umayya lokacin yaƙin Hunaini, kuma wasu sahabbai sun fassara abin da Suratul Ma'un ta zargi masu hanawa da irin tukunya, guga da gatari da maƙwabta ke ara wa juna.

Inda Malikiyya ta bambanta da sauran mazhabobi shi ne wajen ramuwa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗora wa mai aro biyan abin da ya halaka a hannunsa, Hanafiyya ta ɗauke shi amintacce, ba ya biya sai ya yi ta'adi. Malikiyya ta tsaya tsakiya, ta duba irin kayan. Abin da za a iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado, mai aro zai biya idan ya ce ya ɓace, sai fa in ya kawo shaidun cewa ba laifinsa ba ne. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ana karɓar maganarsa, sai in ƙaryarsa ta bayyana ko an tabbatar ya ƙetare iyaka. Daga nan wani hukunci mai kyau ya fito: wanda ya ari doki ya dawo ya ce dokin ya mutu, kayansa sun ɓace, ba zai biya dokin ba, amma zai biya sirdi da linzami. Ƙetare iyaka kuwa shi ne wuce garin da aka ambata, ko aza kayan da suka fi waɗanda aka yarda. Idan ya ƙara nauyin da zai iya kashe dabba kuma ta mutu, mai ita yana da zaɓi, ko ya karɓi ƙimarta ko ya karɓi ladan abin da aka ƙara. Ɗawainiyar ɗaukowa da mayarwa na kan mai aro. Game da abincin dabbar, malaman mazhaba sun yi zance biyu, al'adar gari kuma ta saba ɗora shi kan wanda dabbar ke hannunsa. Shi ma mai bayarwa an ɗaure shi: idan ya ba da aro zuwa wani lokaci ko don wani aiki, ba shi da ikon karɓewa kafin lokacin ya cika. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya dace ƙwarai da ƙasar noma, domin karɓe jaki ana tsakiyar kwasar amfanin gona ya fi hana shi tun farko cutarwa.

Zuwan Faransawa a farkon shekarun 1900, da kafa barikinsu a Tawa, ya kawo wata karɓar dabba da ba ta da alaƙa da yarda. Kwamandansu yakan nemi raƙuma, dawaki da jakuna ta hannun sarakuna don ɗaukar kayan gwamnati da na soja, kamar yadda yake neman mutane don aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. An kuma sa haraji a kan kowane kan dabba. Abin da ya biyo baya shi ne mai dabbobi ya ƙara samun dalilin rarraba su a gidajen abokai, inda mai ƙidaya ba zai haɗa lissafinsu ba. A gefe guda, da yaƙe-yaƙen ƙasar suka ƙare, doki ya rasa babban aikinsa, ya koma na rangadin sarakuna, na tafiyar masu hali, da na ado.

Fari ne ya girgiza al'adar fiye da komai. A 1973 zuwa 1974, sa'an nan a 1984 zuwa 1985, dabbobi sun mutu a Azawak da Adar har mai bayarwa da mai karɓa suka zama ɗaya. Tsarin da aka gina a kan cewa hasara ba ta game kowa ya gamu da hasarar da ta game kowa. Doki, da yake shi ya fi cin hatsi, shi aka fara sayarwa. Duk da haka, da aka zo sake tayar da garkuna, al'adar ce aka koma wa. Ƙungiyar Oxfam ta yi aiki a Abala, yamma da Adar, bayan farin 1974, inda ta ba makiyaya dabbobi bisa tsarin habbanaye, kuma tun daga nan ƙungiyoyi da yawa a Nijar suka ɗauki sunan da tsarin wajen raba wa mata awaki, wadda ta samu ƴaƴa ta miƙa uwar ga ta gaba.

A cikin waɗannan shekaru ne amalanke mai ƙafar roba ya bazu. Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin yaɗa noma da dabbobi ta hanyar bashin ƙungiyoyin manoma tun bayan kafa hukumar UNCC a 1962, aka buɗe ma'aikatun ƙera kayan noma, ciki har da ACREMA a Tawa. Garmar shanu ba ta karɓu sosai a jigawar arewa ba, amma amalanke ya karɓu, domin aikinsa ba ya ƙarewa da damina. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya buɗe hanyoyin karkara, noman albasa a fadamu ya ƙara yawan kayan da ake ɗauka, kuɗin ƴan bida da ke aikowa daga Abijan, Najeriya da Libiya kuma ya ba gidaje da yawa halin saye. Daga baya masu walda na kasuwanni suka koyi ƙera shi da kansu. Amalanken jaki guda yana ɗaukar abin da jakuna da dama za su ɗauka a baya: gangar ruwa, tubali, kara, taki, mai naƙuda zuwa asibiti, wani lokaci har gawa.

Amalanke ya shigo da matsalar da tsohuwar ƙa'ida ba ta tanada ba. Dabba idan ta gaji tana hutawa ta warke, idan an ciyar da ita ma tana iya dawowa da ƙiba, macen kuma tana haihuwa. Ƙarfe da roba ba sa warkewa. Kowace tafiya a kan duwatsun Adar tana cin taya, tana sassauta walda, tana cin ƙarfen da ƙafafun ke juyawa a kai, kuma ɓarnar ba ta cika bayyana ranar da aka yi ta ba. Wanda amalanke ya karye a hannunsa sau da yawa ba shi ne ya lalata shi ba, shi ne dai na ƙarshe cikin mutum goma da suka ara. A ma'aunin fiƙihu amalanke abu ne da ba ya ɓoyuwa, lalacewar da aiki na halal ya jawo kuma ba a biyan ta, don haka hasarar na komawa kan mai shi. Gyaran kuwa da tsabar kuɗi ake yin sa, musamman bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, da ta tsadar da duk abin da ake shigowa da shi. Dami da ƙwaryar dusa ba sa sayen taya.

Mafitar da mutane suka samu ita ce raba buƙatu gida biyu. Abin da ya shafi rai da mutunci, wato mara lafiya, haihuwa, rasuwa, gobara, kai kayan amarya, ba a hana amalanke a kansa, ba a kuma karɓar ko dala, kuma wanda ya hana zai daɗe ana faɗa. Abin da ya shafi neman riba, kamar kai albasa kasuwa, ɗebo ruwan sayarwa ko jigilar tubalin gini, ya koma haya, ko da tsakanin abokai ne, sai dai a yi ragi. Tsakanin waɗannan biyu akwai aron aboki na gaskiya, kuma a nan aka farfaɗo da dabarar masu dawaki ta da: a ba da amalanke tare da yaron gida da jakin gida. Yaron ya san nauyin da jakinsa ke iya ja, ya san hanyar da ba ta cin taya, zai kuma dawo da kayan kafin dare. Mai aro ya ba yaron ɗan abin goro, ya yi faci idan taya ta fashe a aikinsa. Wannan tsari ya fi adalci, domin ya kawar da gardamar wa ya yi ta'adi tun kafin ta taso, ya kuma tsare dabbar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata a hanya.

Jakin kansa ya daina zama abin da ake bayarwa ba tare da tunani ba. Neman fatarsa da ake yi daga Sin ya sa farashinsa ya ninka, har gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, sa'an nan a 2019 wata murar dawaki da jakuna ta kashe dubbai a ƙasar. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya. Tsada ta jawo sata, cuta kuma ta sa masu dabbobi suna ƙyamar haɗa nasu da na wasu a mashaya da kasuwa.

Babur da mota sun ƙara matsa al'adar zuwa ga haya. Titin Tawa zuwa Agadas da Arlit, wanda aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom, ya sa manyan motoci suka karɓi aikin ayari, babura masu araha kuma suka karɓi aikin doki wajen kai saƙo da zuwa gaisuwa. Aron babur ya zo da abin da aron dabba bai taɓa zuwa da shi ba: takardun mallaka, jami'an tsaro a hanya, da haɗarin da zai iya taɓa wani mutum dabam, alhali sunan mai shi ne a takarda. Ƙa'idar mayar da shi da mai a tanki ta zauna a gurbin mayar da doki a ƙoshe, amma masu babura da yawa sun fi son su kai aboki da kansu a kan su miƙa masa makulli.

Dawakin da suka rage a yankin Tawa na sarakuna ne, da masu sha'awar sukuwa, da ƴan ƙalilan da ke ɗaura su a amalanke. A Turai da Amurka akwai akwati na musamman mai ƙafafu da mota ke ja don ɗaukar doki. A Adar dokin da za a kai wani gari sukuwa ko bikin naɗi ana tafiya da shi a ƙasa idan kusa ne, idan da nisa a hau da shi bayan buɗaɗɗiyar mota, irin wadda ke kai shanu da raguna Ƙonni da kasuwannin Najeriya, a zuba yashi a ƙasa don kada ya zame, a ɗaure shi da ragama, mai kula da shi ya tsaya kusa. Motar kusan kullum ta haya ce, ko kuma ta wani attajiri da ya bayar don girmama mai bikin, kuma a kowane hali da direbanta take zuwa, mai doki ya sayi mai.